Gurbin Sunan Mamaci

Wara, 4 ga Safar

Zuwa ga Yaya Zulai'atu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da yara. Ya ƙarin haƙurinmu?

Yaya, yau kwana hamsin da rasuwar Malam, jirginsa na nan ɗaure a bakin ruwa. Ƙanensa Ɗanladi zai ci gaba da dakon fasinja da shi, amma sai an mai da lasin da sunansa. Aka ce ofishin rajistar jirage na Yelwa ya koma intanet, ba sai na fita ba. Har na sa musu albarka, tunda ina takaba. Na cike fom ɗin da kaina a waya.

Kin san amsar da suka turo? "Babu wannan mutum a rajistarmu." Sau uku ina turawa. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana sabunta takarda a hannunsu. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba sun share shi.

Duk matar da ta shigo gaisuwa na nuna mata. Ɗanladi ya kai ƙara ta shafin koke, masu jirage kuma sun ce ba mai sake yin rajista.

Ki gaishe da Inna.
Ƙanwarki, Hamdiyya

Yelwa, 11 ga Safar

Hamdiyya,

Wa alaikumus salam. Haƙuri sai ma'abocinsa.

Na je ofishin da niyyar faɗa. Na tarar da yarinyar da ke karɓar fom ɗin, Jamilatu, idonta jajur. Saboda ƙararku an ba ta takardar tuhuma, ranar Alhamis za a yanke ko a ɗauke ta daga aikin. Ta juyo mini allon kwamfutar. A gurbin sunan mamaci kin rubuta "Malam na Gidan Gabas".

Ke Hamdiyya, kwamfuta surukarki ce da za ki ji nauyinta? Ina za ta san gidan gabas?

Na tambaye ta me ya hana ta nuna wa shugabanta. Ta ce idan ta nuna, a allon sanarwa za a liƙa don wanke ofis, ita kuwa ba za ta sa a yi wa mai takaba dariya a kasuwa ba. Ta kira lambarki sau biyu, ba ki ɗauka ba.

Kin ji abin da ke nan.
Zulai'atu

Wara, 13 ga Safar

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Tun da direba ya miƙo takardarki ban iya cin abinci ba.

Na ga kiran. Da na ga lambar ofis ce, sai na kife wayar.

Wallahi ban yi don wasa ba. Shekara ashirin da biyu sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, Inna ce ta koya mana haka. Da na zo gurbin na fara harafin farko, sai na ji kamar yana zaune a tabarmarsa yana kallona. Na goge. Na ɗauka a ofis akwai wanda zai gane, kamar yadda kowa ke ganewa a Wara.

Jiya na kira Ɗanladi ta bayan labule na faɗa masa. Ya ce, "To yanzu da wace fuska zan je bakin ruwa?" Na ce da irin tawa. Matan da na nuna wa saƙon su goma sha ɗaya ne, na aika a kira mini su ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, Barakatu, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta zauna muka yi kuka.

Ga wata takarda, ki kai wa yarinyar kafin Alhamis.
Hamdiyya

Wara, 13 ga Safar

Zuwa ga Malama Jamilatu,

Assalamu alaikum, 'yata. Laifin nawa ne, ba naki ba, ba na ofis ba. Ki nuna wa shugabanki wannan, ya liƙa ta inda yake so. Ki yafe mini.

Sunan mijina Zaharaddeen Dudu. Ki duba ko na rubuta daidai, ban taɓa rubuta shi ba.

Allah ya rufa miki asiri.
Hamdiyya