Wainar Bature Guda Ɗaya da Kike Bi Na

Zuwa ga 'Yar Kawu, uwar Jummai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, irin wadda ban taɓa yi miki kina raye ba don kada kanki ya kumbura, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji. Malaminmu na elementare ya koya mana cewa wasiƙa da tambayar lafiya ake fara ta. Ni a aji uku na tsaya, ban kai inda ake koyar da yadda ake tambayar lafiyar wanda ya riga mu gidan gaskiya ba. Sai ki yi haƙuri da abin da ya samu.

Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da ke cewa mijinki ya ƙone rabin gemunsa, da girar hagu, da hannun shuɗiyar rigar nan da kika ce in riƙa ajiyewa don Juma'a. Ba gobara aka yi ba, kuma ba hannun kowa. Ni ne na tsuguna gaban murhunki, itace ya ƙi kamawa, na ga kwalbar kananzir tana kallona, na ce bari in nuna wa itacen nan cewa ma'aikacin gwamnati ne a kansa. Na tuttula, na sunkuya, na hura. Sauran labarin yana kan fuskata. Da na je sallar azahar, liman ya waiwayo zai ce a daidaita sahu, muka haɗa ido, sai ya mayar da kansa da sauri, kafaɗunsa suna rawa. Kafin la'asar duk unguwarmu ta Kusfa ta ji.

Na san abin da za ki tambaya: me ya kai ni murhu? Wainar Bature ce ta kai ni.

Kin tuna lokacin da nake kai takardu gidan Baturen ofishinmu, can bayan Gyallesu. Nakan tsaya bakin kicin ina jiran amsa. Kukunsa yana da wani baƙin ƙarfe mai baki biyu kamar awartaki, cikinsa ramuka-ramuka kamar gidan dara. Ya zuba ƙullu, ya rufe, ya juya a kan wuta, sai ga waina mai tagogi ta fito. Su waful suke ce mata. Sau ɗaya tak ya gutsura mini. Da wannan gutsuren na dawo gida na tsaya a kanki, ke da duk unguwa ke aiko kwanuka sayen wainarki tun da sassafe, na ce miki taki ta ƙauye ce, ni ta Ingila na iya.

Ko ɗago kai daga tanda ba ki yi ba. Kika ce, "Ɗan Gwaggo, mutumin da ko ruwan alwala sai an ɗumama masa."

Da Baturen zai koma ƙasarsu aka yi rabon tarkace. Wani ya sami kujera, wani ya sami rediyo. Ni da bakina ya riga ya baza labarin gwanintata, sai aka miƙo mini ƙarfen.

Kowace shekara ranar Cika-ciki rigimarmu ta kuɗin shara takan tashi, kamar yadda taubasai suka saba. Aure bai kashe wannan shari'a ba. Ke ki ce ɗan mace bawa ne, in biya. Ni in ce ban taɓa jin inda maigida ya biya shara a gidansa ba. Shekarar da ƙarfen ya shigo gida kika yanke hukunci: kin yafe kuɗi, waina guda ɗaya kike so, da hannuna, ki zauna a tabarma a kawo miki kamar matar Bature.

Ni kuwa kowace shekara da uzurina. Bana fulawar ba ta da kyau. Bana ƙwan zabi ne a kasuwa, ita kuwa sai na kaza. Wata shekarar har cewa na yi garwashin Zariya bai saba da ƙarfen Ingila ba. Kika yi ta dariya kina share ido da bakin zane, kika ce, "Ina nan, Ɗan Gwaggo, ba inda za ni." Ƙarfen ya koma abin danne murfin tukunyar ƙullu don kada akuya ta buɗe.

Sai ga shi da daminar nan kin tafi. Zazzaɓin da muka ɗauka na kwana biyu ne.

Maƙwabta ba su bar mu da yunwa ba, Allah Ya saka musu. Kwanuka suna shigowa safe da yamma. Amma tilon 'yarki Jummai takan buɗe kwano, ta duba, ta mayar da murfi. Wuyanta ya fito. Rigar makarantar da kika ɗinka mata da cinikin waina ta koma kamar ta aro. Na yi duk abin da na iya. Na yi mata tafiyar agwagwa, na kwaikwayi muryar akawun ofishinmu in yana neman tabaronsa alhali yana kan hancinsa. Kallona kawai take yi, irin kallon da ake yi wa baƙon da ya ɓata hanya.

Yayarki Delu ta aiko tun bayan sadakar arba'in. Ta ce ba a barin yarinya mace a gidan da ba mace, ko dai in yi aure ko in ba ta riƙo. Maganar aure, na leƙa ɗakinki ban ga inda wata za ta jera kwanukanta ba. Maganar riƙo kuwa, kin san ƙauyenku ba makarantar boko, kin kuma san abin da kike yawan faɗa in kina ɗaura wa yarinyar nan ɗankwali da safe: "Wannan sai ta wuce ajin da ubanta ya kife." Don haka na yi ta jan Delu da gobe da jibi, sana'ar da na ƙware a kanki.

Ana nan aka ba da hutun makaranta. Wata safiya Jummai ta kinkimo ƙarfen da hannu biyu ta ajiye a gabana. Ta ce Inna ta gaya mata ranar da Baba ya biya, rabi nata ne. Tun rasuwarki wannan ne abu na farko da ta nema da bakinta. Na laluba aljihun uzurina, na ji wayam.

Labarin wuta kin riga kin ji. Saura na ƙullu. Na tuna kukun nan yana barbaɗa wata farar hoda daga gwangwani don ta sa waina ta tashi. Ba ni da ita, sai na ce ai kanwa ma 'yar uwarta ce. Na fasa dunƙule kamar goro na jefa. Ƙullu ya yi kore shar kamar miyar karkashi. Ban bari ƙarfen ya yi zafi ba, ban shafa mai ba, na cika shi har baki na rufe, ya riƙa tumbatsa ta gefe yana kashe mini wutar da na saya da gemuna. Da na buɗe, rabi ya bi sama, rabi ya bi ƙasa, kamar an yi rabon gado.

Sai na ji wani sauti a bayana wanda na daɗe ban ji a gidan nan ba. Jummai ce ke dariya. Irin taki sak, 'Yar Kawu, da riƙe ciki da hawaye. Wallahi da na san gemu ne farashin wannan dariya, da tuni na ƙone shi duka.

A daidai nan Delu ta yi sallama, da ƙullin gero a ka. Ta tarar da tsakar gida cike da hayaƙi, gemuna yana ƙauri, yarinya ba kitso, fuskarta jiƙe da hawaye. Ta dube ni, ta dubi kwalbar kananzir, ta dubi inda Jummai take tsaye, dab da murhu. Ita ma taubashiyata ce, kin san bakinta. Da ta yi mini tsiya da na sami abin ramawa. Ba ta yi ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Cewa kawai ta yi, "Haɗa mata kayanta."

Na buɗe baki zan yi raha, sai ni ma na dubi inda yarinyar take tsaye. Na shiga ɗaki na haɗa mata kayan.

Na raka su har Ƙofar Galadima. Jummai ta ƙi yarda a bar jakar makarantarta a gida, ta rataya ta a wuya har can. Da za mu rabu ba ta yi kuka ba. Ta ɗago kai ta ce, "Baba, ba ka biya ba tukuna."

Tun daga ranar, kowace safiya kafin in tafi ofis, ina gaban murhunki. Na koyi hura wuta da kara da haƙuri. Na farko-farko ko kaji sun shinshina sun wuce. Amma wani abu ya ba ni mamaki. Ashe duk shekarun da nake zama bakin ƙofa ina yi miki tsiya, idona yana koyon abin da kaina bai sani ba. Na tuna ke jiƙa kanwa kike yi, ki tace, ki ɗiga kaɗan a ƙullu mai tsami, sai ya yi kumfa ya taso. Na tuna kikan yarfa ruwa a tanda, in ya yi tsalle kin san ta yi zafi. Na tuna ba kya ɗora tanda a harshen wuta, sai ya kwanta ya zama garwashi.

Ga yadda nake yi yanzu, ki duba ko akwai gyara. Fulawa cikin kofin shayina. Ƙwai ɗaya, na zabi ma yana yi, ƙarya nake yi miki. Nono mai tsami daga wurin Bafulatanar da kike saya, wadda har yau in ta zo ƙofar gidan nan takan rage murya. Ɗan sukari, ɗan gishiri, man shanu narkakke, sai ɗigon ruwan kanwa. A shafe baki biyun ƙarfen da mai. Kada a cika. A rufe, a juya, kada kuma a leƙa sai tururi ya ragu. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni wuya, kin san ni da leƙe.

Shekaranjiya ta fito. Launin zuma, tagoginta sarai, gefenta yana ƙaras-ƙaras, ta saki ƙarfen da kanta ba tare da na sa wuƙa ba. Na juya da ita a faranti zan ce, to, ga mai ruwan alwala. Ba kowa a tsakar gidan sai akuyarki.

Ke kin yi shekaru kina kwaɓa ƙullun da zai ci da unguwa guda. Ni da na tashi ƙwarewa, sai na ƙware a na mutum ɗaya, a gidan da ya koma na mutum ɗaya.

Na shimfiɗa tabarmarki na ajiye farantin a kai. Na zauna ina kallo, na kasa ci. Daga baya na raba ta biyu kamar yadda kika yi alkawari. Rabinki na kai wa maƙwabciyarmu Iya Abu, sadaka da sunanki. Ta juya shi gaba da baya, ta tambaye ni wane ne ya taka wainar da takalmin soja. Ta tauna da dasashinta, ta ce ba laifi, ta yi miki addu'a mai tsawo.

Rabin Jummai na naɗe a takarda na sa a aljihu, na ce da na tashi aiki sai ƙauye. Kafin azahar ya yi laushi ya koma kamar tsumma. Ashe waina ce da ba ta yarda da aike ba, sai a bakin wuta ake cin ta.

Saboda haka ga shawarar da na yanke. Cika-ciki ta kusa. Ranar zan ɗaure ƙarfen a bayan keke in tafi gidan Delu, in roƙi aron murhu, in tsuguna gaban matan ƙauyenku da rabin gemuna in fasa ƙwai. Na san za su taru har da na maƙwabta. Na san za su yi mini waƙa, kuma sunan da za su laƙa mini zai bi ni har inda kike. Na yarda. In Jummai ta ci ta ƙoshi, sai in roƙi Delu ta ba ni ita kafin a koma makaranta. Iya Abu ta ce za ta riƙa yi mata kitso, ta kuma zauna da ita har in dawo daga ofis. Koko na iya damawa. Tuwo ina kan koyo, har yanzu gudajinsa sun fi shi yawa. Ban san abin da Delu za ta ce ba. In ta hana, ba zan ga laifinta ba, abin da ta gani da idonta ta gani.

Abin da ke ci mini rai, 'Yar Kawu, shi ne abin nan ba shi da wuya. Ƙwai ɗaya ne da kofin fulawa. Da na yi miki tun shekarar farko, da kin zauna a tabarma kin ci, kin ce gishiri ya yi yawa, mun yi dariya an wuce wurin. Daɗi nake ji kina bi na. Gani nake muddin kina bi na wani abu, ba inda za ki. Ke ma haka kika ce.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa duk bakin da kika ciyar ya zame miki shaida. Allah Ya raya Jummai, Ya wuce da ita ajin da ubanta ya kife. Ya sanyaya zuciyar Delu. In tawa ta zo, Ya sa in cika da imani, Ya haɗa mu a inda ba sai an hura wuta ba.

Rabin Jummai zan kai mata da yardar Allah. Naki kuwa, ban ɗauka sadakar Iya Abu ta sauke mini shi ba. Cewa kika yi da hannuna, kina zaune a tabarma. Ki ci gaba da bi na.

Naki har kullum,
Ɗan Gwaggo, wanda bai biya shara ba,
Kusfa, Birnin Zariya.