Shunayyar Tafkin Baba

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba da ƙafar nan tasa? Ya maigidan naki da yara?

Albishirinki! Kin tuna kwalbar ruwan da na ɗebo bara a tafkin bayan gidanmu, har kika ce boko ya taɓa ni? To, a cikinta na samu wata bakteriya, irin ƙananan halittun nan da ido ba ya gani. In na shuka ta a farantin gwaji sai ta fito ɗigo-ɗigo, shunayya kamar tawada. Mun gwada ta da duk danginta da aka sani, ba ta dace da ko ɗaya ba. Sabuwa ce fil, kuma wanda ya gano shi ke raɗa suna. Farfesa, shugaban ɗakin gwajinmu, ya yarda a sa mata sunan Baba.

Sharaɗi ɗaya ne: sai an aika ta da ranta zuwa ma'ajiyar irin waɗannan halittu guda biyu a ƙasashe biyu sun tabbatar. Ki gaya wa Baba shekarun da ya yi yana hana 'yan unguwa cike tafkin nan ba su tafi a banza ba. Abin da ke ciki yana hannuna, ya kwantar da hankalinsa.

Taki,
Auta

*

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ni kam da sauƙi dai.

Ma'ajiyar farko ta aiko da amsa. Wai abin da na tura musu wata gama-garin bakteriya ce, wadda ko a bakin famfo ana samu. Sai da na karanta sau uku.

Laifina ne, Yaya. Duk mako nakan ɗebi ɗigo ɗaya in mayar sabon faranti don kar ta mutu, kuma kullum mafi girma nake zaɓa, wai shi ne lafiyayye. Ashe wata baƙuwa ce ta shiga, mai saurin girma, tawa kuwa sanyin jiki gare ta. Na ga launin yana dusashewa, na ɗora wa zafin ɗaki. Wata shida ina renon baƙuwa da hannuna. Har waɗanda na daskarar a firiza daga cikinta na ɗiba. Farfesa bai yi faɗa ba, tabarau kawai ya cire ya goge. Wallahi gara ya zage ni.

Don Allah ki tafasa kwalba, ki ɗebo min ruwa ta gefen ciyayin nan inda Baba ke zama, ki bayar a mota. Kar ki ce masa komai.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Saƙonki ya iso, na gode. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi.

Na buɗe kwalbar na tarar da yashi, sai da na karanta takardarki na gane. Ashe tun sati biyu bayan wasiƙata ta farko Baba ya kira 'yan unguwa, ya ce su cike tafkin su huta da sauro, tunda 'yarsa ta kwashe abin da ke ciki ta adana. Kin ce har kujera ya sa aka fitar masa yana kallon motocin yashi, yana ba direbobi labarin sunansa zai shiga littafi.

Na jiƙa yashin na shuka faranti arba'in. Fari ya fito, rawaya ya fito, shunayya ko ɗigo babu. Abin da ya rage min tsohon faranti ɗaya ne a aljihun tebur, ya bushe ƙamas. Launin yana nan, amma matacciya ba a raɗa mata suna. Ban san ta inda zan kama ba, kuka ma ya ƙi zuwa.

Kin ce kullum da safe sai ya tambaya ko sunan ya fito. Ki ce masa ana kan aiki. In kuma ya nemi ki sake karanta masa wasiƙar nan ta farko, ki karanta, amma don Allah ki tsallake inda na ce yana hannuna.

Taki,
Auta