Hanyar Tuk, da Wendell a Bayana

Litinin, 8 ga Yuli
Tombstone

Mun bar Dawson da hantsi, kowa da babur ɗinsa. Wendell a gaba kamar kullum, ni a baya. Shekara talatin da ɗaya da aure, ina jin na fi sanin bayan rigarsa a kan fuskarsa. Da kwalta ta ƙare tsakuwa ta fara, sai na ji kafaɗuna sun saki. Kusan kilomita ɗari tara ke gabanmu kafin bakin teku a Tuktoyaktuk.

Tun da aka buɗe hanyar yake cewa sai baɗi, sai baɗi. Bana kuma ya tashi da gaggawa kamar ana korarsa. Ban tambaya ba.

Mun kafa tanti kusa da rafi. Gajimare ya sauko ya kwanta a wuyan duwatsu, bai motsa ba har muka gama cin wake. Na daɗe ina kallo, har na manta cokali a bakina.

Talata, 9 ga Yuli
Bakin kogin Ogilvie

Da safe ya zuba gahawa a gefen kofin, a kan dutse. Ya yi dariya, wai kofin ne ya matsa. Na taya shi dariyar.

Yana tafiya a hankali, kuma a tsakiyar hanya. Wendell ɗin da ke yi mini tsiya wai ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Bayan azahar wasu karibu uku, manyan bareyin ƙasar sanyi, suka tsaya a kan tudu, ƙahonninsu kamar busassun rassa, kusa ƙwarai. Na yi masa magana ta na'urar da ke cikin hular kwano. Ya ce, "Na gan su, kyawawa." Kansa yana kallon wancan ɓangaren.

Wataƙila gajiya ce.

Laraba, 10 ga Yuli

Sauro. Babu abin rubutawa sai sauro, da furanni ja-ja da suka rufe inda gobara ta ci daji, har iyakar gani.

Alhamis, 11 ga Yuli
Eagle Plains

Ruwa tun asuba. Mun kama ɗaki, na yi wanka da ruwan zafi har yatsuna suka yamutse. A wurin cin abinci ya miƙo mini takardar jerin abinci, wai in karanta masa, ya bar tabarau a ɗaki. Ina ganin tabarau ɗin a aljihun ƙirjinsa.

Na karanta masa. Ya zaɓi miyar da ba ya so.

Wani direban tirela ya ce gaba da Rock River hanya ta zama sabulu, mu jira kwana biyu. Wendell ya ce ba mu da kwana biyu. Muna da wata guda cur. Me yake nufi?

Juma'a, 12 ga Yuli
Rock River



Mun wuce inda duwatsu suka zama tsirara, babu itace ko ɗaya, hazo yana yawo a kansu kamar tumaki. Akwai wani rami cike da ruwa a tsakiyar hanya, da jar tuta a bakinsa. Ni da ke nesa na gani. Shi ya nufe shi kai tsaye, ko birki bai taɓa ba. Na ga babur ɗin ya tashi, ya kwanta, ya ja shi cikin laka. Ban san lokacin da na sauka daga nawa ba.

Babu karaya. Kafaɗa ta bugu, gwiwa ta kuje. Muka ɗaga babur ɗin tare, muka komo nan a hankali. Na hura risho, na dafa shayi, na ba shi a hannu, sannan na ce, "To, Wendell. Faɗa mini."

Ya ce tun watan Maris. Likitan ido a Whitehorse. Tsakiyar ganinsa ce ke tafiya, na hagu ya riga ya tafi, na dama yana binsa. Duk abin da ya zuba wa ido sai ya zama tabo mai toka-toka, gefe-gefe kawai yake gani. Kafin sanyi ya shigo za a karɓe lasisinsa. Ranar da ya ce mini ya je duba taya, ashe can ya je.

Na faɗi maganganu. Ba zan rubuta su duka ba. Na ce da tirela ce fa? Na ce wata huɗu kana kwana kusa da ni da wannan a cikinka? Ya juya kofin a hannunsa. Can ya ce, "Ardith, da na faɗa, da kin ɓoye makullin."

Gaskiya ne. Da na ɓoye.

Ya ce so yake ya ga tekun nan da abin da ya rage masa. Na shiga tanti na ja zif. 

Asabar, 13 ga Yuli
Bakin kogin Peel

Ni na shiga gaba yau, shi yana bin jar fitilata, tafiyar kura da ciwon baya. Niyyata mu kai Fort McPherson mu nemi motar da za ta mai da mu gida. Na riga na yanke.

Muna jiran jirgin fito sai wata tsohuwa ta yafuto mu daga rumfar kifinta. Sunanta Effie. Kifi a rataye jere-jere a kan sanduna, hayaƙi yana tashi a hankali. Ta ba mu busasshen kifi da gurasar da ta soya. Ta kalli yadda Wendell ke laluben faranti, ta jira sai da ya tafi wanke hannu a kogi. Ta ce mijinta ma haka ya yi, shekara tara tana tuƙa masa kwalekwale, yana zaune a baya yana gaya mata inda kifi yake, kuma bai taɓa kuskure ba.

Na ce mata gida za mu koma. Ta ce, "Yarinya, babur ɗinki ba ya ɗaukar mutum biyu ne?" Shekarata hamsin da bakwai, rabon da a ce mini yarinya har na manta.

Ta ce mu bar nasa a bayan rumfarta, ba mai taɓawa.

Da na gaya masa zai hau bayana mu ci gaba, ya daɗe yana shafa tankin babur ɗinsa. Bai taɓa hawa bayan kowa ba tun yana ɗan shekara goma sha huɗu. Ya zare makullin ya kai wa Effie da kansa.

Lahadi, 14 ga Yuli
Inuvik

Kai, mutumin nan! Ki rage giya. Ki bi dama. Ki saki birkin gaba. Mutumin da ba ya ganin hanyar. Na tsaya a gefe na ce, "Tsoho, ko ka yi shiru ko ka sauka ka taka." Ya ce tsohuwa ta samu mulki. Ya yi shiru na minti goma.

Nauyinsa ya canza babur ɗin gaba ɗaya, a cikin tsakuwa mai laushi sai lallaɓawa nake yi. Amma da muka hau jirgin fito na biyu, a kan Mackenzie, ruwan ya yi faɗi ya yi lumui har na rasa ko mu ke tafiya ko gaɓar ce ke tahowa. Ya ce in gaya masa abin da ke can. Na ce coci ne fari a kan tudu, da hankaka biyu a kan rufinsa. Ya ce in ci gaba. Na ci gaba har Inuvik, bakina bai huta ba. Ban san ina da magana haka ba.

Talata, 16 ga Yuli
Tuktoyaktuk

Mun iso.

Itatuwa suka yi ta gajarta har suka ƙare. Sai tafkuna, ɗaruruwa, kowanne da nasa sararin sama a ciki. Farin fure mai kama da auduga yana rawa a bakin hanya. Ina faɗa masa, yana cewa uhm a kunnena, wani lokaci har ban san ko da shi nake ko da kaina ba. Sau ɗaya ya riga ni: ya ce akwai wani abu fari ta hagu. Manyan agwagin ruwa ne guda biyu, farare tas. Ta gefen ido ya kama su. Ya yi ta murna kamar ya ci gasa.

Hanya ta ƙare a bakin ruwa, haka kawai. Muka cire takalma muka shiga zuwa idon sawu. Sanyin ya hau har haƙorana. Teku da sama launi ɗaya, babu layi a tsakaninsu. Ya tsaya yana kallon gefe, kamar mai sauraron wani abu. Na tambaye shi ko yana gani. Ya ce, "In na kalli teku, ke nake gani. In na kalle ki, sai in ga teku. Ki tsaya nan inda kike."

Na tsaya har ƙafafuna suka mutu.

Ban huce ba tukuna, kar ya ɗauka na huce.

Alhamis, 18 ga Yuli

Hanyar komawa. Rana ba ta faɗi ba tun da muka haye Peel, haka take a nan arewa a wannan lokacin, na daina sanin ranaku sai na duba littafin nan.

Juma'a, 19 ga Yuli
Rumfar Effie

Babur ɗinsa yana nan, ta rufe shi da tamfol. Direban tirelar nan na Eagle Plains zai sauke mana shi a Dawson. Wendell bai ko ɗaga tamfol ɗin ba, yana can Effie tana koya masa tsaga kifi da lalube.

Yau tsakanin kogunan biyu na ji hularsa ta kwanta a bayana, hannuwansa sun yi sako-sako a ƙuguna. Barci. Wendell, a kan babur, wani na tuƙi. Na rage gudu, na bi da shi a hankali kusan awa guda, ba mai magana a kunnena, hanya buɗe a gabana babu bayan kowa. Na kama kaina ina waƙa.

Bai kamata in ji daɗi ba. Idonsa ne fa ke tafiya.

A Inuvik na sayi taswirar Labrador, wai can ma akwai doguwar hanya da ba kowa. Tana ƙarƙashin safata a akwatin hagu. Ban gaya masa ba. Kujerar baya tana bukatar ƙarin soso, ya yi ta ƙorafi. Taswira ce kawai.