Labule a Ƙofar Baba

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Baba?

Na zaɓi in rubuto ne, domin in na kira ka a waya zan faɗi abin da bai kamata ba. Jiya na je shagon tela, wanda ke zuwa ajinka na manya da yamma. Shagon cike yake da mata. Yana ganina ya zare allura daga bakinsa ya ce, "Hajiya, yau za ki ji Turanci! Malam ya koya mana yadda ake cewa an fifita wani abu a kan wani." Sai ya miƙe, tef a wuya, ya rattaba: "My sister would rather buy curtains than visit our sick father."

Wata ta ce ya fassara. Ya fassara mata tsaf: yayata ta gwammace ta sayi labule da ta je duba mahaifinmu marar lafiya. Sai da ya kai ƙarshe ya dubi yadin labulena da ke kan kekensa, ya dube ni, ya koma ya zauna. Yayye mata nawa gare ka a duniya, Malam?

Abin ya ba ni ƙyama. Shayi da kofin da aka saba misali da su sun ƙare ne, da ba ka sami misali ba sai ni?

Ka gaishe min da yara.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Iyali suna amsawa. Jikin Baba yana nan yadda yake.

Ban ambaci sunan kowa ba. Ƙa'idata ce tun da na fara koyarwa: ba na ba da misalin abin da bai faru ba. Wanda ya haddace "I prefer tea to coffee" kafin ya kai gida ya manta. Amma ranar da wani direba a ajin ya ce "I slept in the car rather than face my wife", wato a mota ya kwana maimakon ya fuskanci matarsa, aka yi ta dariya har da riƙe ciki, kuma har yau babu wanda ya sake tuntuɓe a kan rather than.

Telan da kansa ya ba ni labarin yadin da kika kai masa. A ranar kuwa na canza wa Baba zanin gado, na wanke shi, na kwashe abin da ba zan rubuta a takarda ba. Da warin sabulun asibiti a hannuna na ɗauki alli. Tun da ya kwanta ban gan ki a ɗakin nan ba.

Darasinmu na gaba whereas ne, kalmar da ake jera abu biyu masu saɓani da ita. Rabin misalin yana hannuna: ni ina wanki. Ki zo ki hana ni ƙarasa shi.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki

*

Malam,

Salam. Ina fata allinka bai ƙare ba.

Ba ka gan ni a ɗakin ba domin ba na shiga. Da yamma nake zuwa, daidai lokacin da kake tsaye gaban allo kana cin namana. Ranar farko da na sa ƙafa, Baba ya ja bargo har wuya, ya juya bango. Ya ce, "Uwata, fita. Ban haife ki don ki gan ni haka ba." Tun daga nan a kujerar roba nake zama a waje, ƙofa a rufe, ina ɗaga murya, tasa kuma ba ta ratsa katako. Rabin abin da yake faɗa ba na ji. Matarka ta sani. Shi ya ce kada mu gaya maka, don ya san za ka bankaɗe ƙofar ka yi masa lacca.

Labulen na ƙofarsa ne. Mai kauri na zaɓa, don in ji shi ya ji ni ba tare da idona ya sauka a kansa ba. Da ka tambaye ni, kamar yadda ka saurari tela, da ka sani.

Tunda gaskiya kake nema, ga would rather na gaskiya: Baba ya gwammace ya daina ganin 'yarsa da ta gan shi a jiƙe. In na ji wannan a bakin ɗalibinka, ni da kai sai a lahira.

Allah ya ba shi sauƙi.

Yayarka

*

Yaya,

Salam. Na karɓo labulen, na kafa ƙusa, na rataya shi. Ni da telan babu wanda ya kalli wani.

An yi darasin whereas. Da shayi da kofi muka yi, ajin ya yi ta hamma.

Baba ya ce a matso da kujerar roba jikin labulen. Ya ce kuma ki daina ihu, shi ba kurma ba ne.

Sai kin zo.

Ƙanenki