Koren Kwat a Ƙarƙashin Ƙafarka

Belzoni, Mississippi
Ƙarshen cirar auduga, 1961

Zuwa ga Hosea, mijina, hasken safiyata, inuwata ta tsakar rana, ruwan farko a kan gonar da ta gaji da jira. Kai da na zaɓa ina budurwa, kuma da za a mayar da ni baya kai ɗin zan sake zaɓa, da taurin kanka da komai!

Ina gaishe ka gaisuwar da takarda ba za ta iya ɗauka ba. Ina fata ciwon wuyan yana sauƙi, sanyin Chicago kuma bai fara shiga ƙashinka ba. Ka gaida 'yarmu Verlene, ka ce Allah ya saka mata da jinyar da take yi maka.

Saƙonka ya iso. Wendell, mijin Verlene, shi ya kawo shi da bakinsa ranar Asabar. Ya tsaya a baranda yana murza hula kamar wanda ya zo faɗin rasuwa. Ya ce, "Mama, Baba ya rubuta mana a allonsa cewa ba zai dawo ba. Tun da likita ya cire masa maƙogwaro, wai ba zai zauna a garin da kowa ya san shi da murya yana magana da hannu ba. Ya ce kuma ki fasa faifan nan nasa, ki kai gutsattsarin kan kabarin Tobe, don mai muryar ya riga ya mutu." Na ce, "Wendell, zauna ka ci wake da burodin masara. Tun da nake ban taɓa jin mamaci ya aiko surukinsa da saƙo ba." Ya yi dariya, ni ma na yi. Da ya juya baya na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka shiga da kai ɗakin tiyata.

Haba Hosea! Ni za ka aiko wa wannan magana? Ka san abin da kake nema kuwa? Ranar da muka binne Tobe, abokin kiɗanka, ni na fasa kofinsa da fitilarsa da hannuna, na jera a kan ƙasar yadda iyayenmu suka saba, domin mamaci ya kwanta, kada ya biyo mutanen gida. Mai rai ba a fasa masa kaya. Kana numfashi, kana cin abincin Verlene, an ce ma har ƙorafin gishiri kake yi a allon nan, sannan ka ce in binne ka? Da wane hannun?

Faifan nan kuwa ba naka ba ne kai kaɗai. Ko ka manta ranar da aka yi shi? Ni ban manta ba. Muna sabon aure, sanyi kamar ya tsaga kunne, muka hau jirgin ƙasa zuwa Memphis, ni da kai da Tobe. Ina sanye da koren kwat ɗina na aure, ina tafiya a hankali don kada ƙura ta taɓa shi. Suka hau da mu sama, wani ɗaki a kan kantin kujeru, an toshe tagoginsa da barguna. Bature mai na'ura ya zaunar da kai gaban makirufo, ya ce in fitila ta kama ka fara. Fitila ta kama, ka buɗe baki, wayyo Allah, muryar nan da take sa mai garma ya tsayar da alfadarinsa a tsakiyar kunya! Sai ga Baturen ya fito da gudu yana riƙe da kai. "Ƙafar nan! Ƙafarka tana girgiza katako, allura tana tsalle a kan kakin da ake yanka faifai a kai. Ka yi waƙa, ka bar dukan ƙasa."

Ka gwada, ƙaunataccena, na ga ka gwada. Ka danne ƙafar, ka ɗaure fuska, waƙar ta fito salam kamar miya ba gishiri. Tobe ya ajiye jitarsa ya ce, "Yallaɓai, ai wannan a ƙafa muryarsa take. In ka ɗaure masa ƙafa ka ɗaure masa baki. Ko a coci haka yake, fasto ya gaji ya ƙyale shi." Baturen ya duba agogo, ya ce in an sake ɓata masa kaki sai mu kama hanya. Ban san lokacin da na cire kwat ɗin ba. Na ninke shi, na durƙusa, na tura shi ƙarƙashin takalminka mai laka, na riƙe gefensa da hannu biyu don kada ya zame. Ka dube ni, na dube ka. Fitila ta sake kamawa.

Duniya da kunne ta ji waƙar nan, Hosea. Ni da hannu na ji ta. Kowane bugu yana ratsa ulun, ya shiga tafina, ya hau har kafaɗa, ya sauka a ƙirjina. A durƙushe a wurin nan na san cewa ba inda zan je in bar ka, ko da za ka talauce, ko da za ka tsufa ka yi ƙiwuya, kuma duk ka yi.

Kai ne kuma ka koya mini sauraro. Duk Lahadi bayan coci, ina faɗa cewa ranar Ubangiji ce, kai kana murza garmaho kana cewa Ubangiji ma ya san blues, waƙar masu baƙin ciki, tun da shi ya halicci Litinin. Ka jero faya-fayan da muka tara ɗaya bayan ɗaya: masu busa tulu da suke sa ƙafar tsohuwa rawa ba da izininta ba, da matar nan mai murya kamar ƙofar rumbu wadda mijinta ya hau jirgi bai waiwayo ba, da 'yan cocin da suke tafi har faifan yana rawar ɗari. Kusan duk sun mutu, wasu ko kabarinsu ba a sani ba, amma da allura ta sauka sai su shigo ɗakinmu su zauna, da tarinsu da nishinsu da ƙarar kujerar da suka zauna a kai. Kana cewa, "Ozella, bar bakinsa, kowa yana jin baki. Saurari abin da ke ƙasa." Sai in saurara, in ji babban yatsa yana tafiya a kan tsirkiyar jita kamar mai komawa gida da yamma, ba gaggawa, ba tsayawa. Waɗannan mutanen ba kuka suke yi ba. Sun gama kukan, sun tashi sun ɗora tukunya, suna ba ka labari. Kai ka nuna mini wannan, yau kuma kai ne ka manta.

Duk da haka na kusa bin umarninka, don ban saba ƙi maka magana ba. Litinin da safe na ɗauko guduma, na shimfiɗa tawul a tebur. Sai na ce bari in ji shi sau ɗaya, na ban kwana. Na sa sabuwar allura, na murza. Ka san yadda ya koma: baƙinsa ya zama toka, mun cinye shi da so, ni da kai da maƙwabta da duk wanda ya taɓa zuwa cin kifi gidan nan. Muryarka tana can nesa a bayan shuuu, kamar mai kira daga tsallaken kogin Yazoo ana ruwan sama. Na zauna a ƙasa, na jingina kaina da akwatin garmahon.

A nan na ji ta. Dum. Dum. Dum. A can ƙasa, a danne, a lulluɓe da ulu, amma tana nan daram! Allura ta cinye saman muryar, ta cinye rabin jitar Tobe, ƙafar nan kuwa ko gezau. Shekara da shekaru ina zaune a kujera ina bin murya, ashe abin da na riƙe da hannuna ranar nan yana ƙasa yana jirana. Na sake sawa, na sake, har wake ya ƙone a murhu. Na mayar da guduma inda take.

To ka ji, ya sanyin idona, likita maƙogwaro ya cire. An ce mini ya taɓa ƙafar? An ce ya taɓa yatsun? Wa ya gaya maka don murya na aure ka? Muryar ta kira ni, ban musa ba, amma ba ita ta riƙe ni ba. Ba ita ta ɗauke ni a baya shekarar ambaliya ba, ba ita ta haƙa kabarin ɗanmu na fari ba, ba ita take ɗumama mini ƙafa a sanyin Janairu ba. In mutanen gari kake jin kunya, su wane ne mutanen gari? Dikon Purvis na cocinmu, ai haƙorinsa ɗaya bai hana shi zuwa ko'ina ba? Jiya ma ya tsaya a bakin shinge ya ce, "Sista Ozella, yaushe mutumin zai dawo? Garin ya yi shiru, har karnuka sun rasa wanda za su yi wa amshi."

Gidan nan ya yi mini girma, Hosea. Itacen pikan ya zubar da 'ya'yansa ba mai tsincewa. Ina dafa abincin mutum biyu in zubar da rabi. Da yamma in zauna a baranda kusa da kujerarka, in ga inda diddigenka ya cinye katako ya yi ɗan rami, in rasa inda zan sa idona. Ina kewarka, kewar da ba ta barin mutum ya gama cin abinci. Ka dawo ka yi mini shiru a nan kusa da ni, na fi son shirunka a gefena da waƙar kowa a duniya.

Wendell zai miƙa maka ƙunshi tare da wannan takarda. Koren kwat ne. Ka buɗe bayansa, za ka ga sawun takalminka, na wanke har na gaji bai fita ba, daga baya na daina so ya fita. Aro na ba ka, ba kyauta ba. Sanyi yana tafe, kuma na yi rantsuwa ba zan sa wani ba. Kada ka ba Wendell ya dawo da shi, kada ka sa a gidan waya, ba zan karɓa ba. Da hannunka za ka kawo mini.

Faifan yana nan a kan kanta, ba tsaga ko ɗaya. Jitarka na goge ta. Na kuma ɗauke tabarmar tsumman da ke baranda, katako ne tsirara. In ka iso ka zauna a kujerarka ka buga, ka buga har kofuna su yi ƙara a kicin, har Purvis ya jiyo daga gidansa. Wannan karon ba zan sa maka komai a ƙarƙashin ƙafa ba.

Taka tun daga ɗakin nan na Memphis, taka da murya, taka ba murya, har ranar da za a fasa kofina a jera a kaina,

Ozella