Sunan Attilio

Litinin, 5 ga Oktoba, 1953, Napoli
Muna tsakiyar wasa a kan dandamali fitilar sama ta tsinko, ta tarwatse daidai inda Attilio ya tashi. Ya dubi 'yan kallo ya ce, "Ita ma ta gaji da muryar Ernesto." Gida ya kece da dariya, ni ne kuwa Ernesto ɗin. Tun muna samari nake tsaye gefensa, ina miƙa masa magana yana mayar da ita abin dariya.

Juma'a, 9 ga Oktoba
Makaɗinmu ya karye a matakala. Donna Assunta mai ɗinkin kayan wasa ta ce, "Wa ya fara gaishe shi da safe? To." Attilio take nufi. Na ce ta ji kunya, da girmanta.

Laraba, 14 ga Oktoba
Magana ta bazu, wai Attilio farar ƙafa gare shi. Sun daina kiran sunansa, sai "wancan". Da ya shigo, kowa ya cusa hannu a aljihu yana lalubar makulli, wai taɓa ƙarfe na kare mutum. Raina ya ɓaci ƙwarai. A garin nan gara a ce maka ɓarawo.

Talata, 20 ga Oktoba
Masu fim na Roma da suka so ɗaukar mu sun fasa da shi. Don Eugenio, mai gidan wasanmu, ya ja ni gefe: "Kai suke so, ɗana. Za su haɗa ka da wani." Na ce ba na zuwa ko'ina ba tare da Attilio ba.

Lahadi, 1 ga Nuwamba
Attilio ya ce zai kashe maganar da dariya. Ya fito cikin baƙaƙen kaya da baƙin tabarau, shigar da ake cewa ta masu farar ƙafa ce, yana nuna mutanen layin gaba da yatsa. Ba wanda ya yi dariya. Kujeru suka riƙa ƙara, mutane na ficewa. A bayan labule ya ce, "Erne', kai ma ka yarda?" Na ce kada ya zama sakarai. Hannunsa sanyi ƙalau.

Talata, 3 ga Nuwamba
Ya ci taliya a gidanmu, ya ɗaga 'yata Nunzia sama kamar kullum, shi ne fa uban baftismarta. Da yamma jikinta ya yi zafi. Uwarta ta rataya jan ƙahon nan na tsari a kan gadon yarinyar. Ban cire ba.

Alhamis, 5 ga Nuwamba
Zazzaɓin bai sauka ba. Tsoro nake ji.

Asabar, 14 ga Nuwamba
Nunzia ta warke, likita ya ce mura ce. Jibi zan shiga jirgin Roma, don aiki aiki ne. Wancan ya zo da rana da alewarta, ya daɗe yana ƙwanƙwasawa. Makulli na hannuna, na riƙe shi gam har na ji saukarsa daga matakala.