Rabonka na Maganin Baba

Unguwar Masunta, Haɗeja.

Zuwa ga Yayana Abdulmannan,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Anti Zainaba da yara, Allah ya ƙara rufa asiri. Nan gida Inna 'Yar'azumi na nan da ƙafarta yadda ka san ta. Ƙanwarmu Huseina ta yaye ɗanta, ya zama sarkin ɓarna. Ruwa ya fara ja daga fadama, ana shirin dashen shinkafa.

Yaya, maganar Baba ce ta sa na zauna rubutu, don a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Ka san tsargiyar nan mai sa fitsarin jini da yake fama da ita, yana cewa zafin rana ne. To, yanzu jinin har guda-guda yake fita. Da ƙyar na ja shi asibiti, likita ya duba ya ce mafitsara ta fara taɓuwa, in aka ci gaba da wasa abin zai wuce na ƙwaya. Malama Rahila, mai ba da magani, ta zaunar da mu ta yi bayani tiryan-tiryan. Ta ce mai ciwon in ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar da ke kawo ciwon ya ƙyanƙyashe ya shiga ƙananan dodon koɗin da ke maƙale jikin ciyawar kacalla, can ya girma ya fito, ya huda fatar duk wanda ya tsoma ƙafa. Baba ya yi dariya, wai shi da ya ja tarun kamun kifi alhali da kada a ruwa, yau abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba za a tsorata shi da shi.

Ta tsayar da shi jikin sandar awo, saboda gwargwadon tsayin mutum ake ba da maganin, ka kuma san Baba dogo ne. Ta ƙirgo ƙwaya huɗu, ta ce ya ci abinci ya haɗiye duka lokaci guda. Da yake bai karya ba, ta yarda mu tafi da su gida. Na shiga ɗauko masa kunu ke nan, kafin in fito Baba ya kwance takarda a zaure yana rabo kamar goron suna! Ɗaya ya ba Inna, wai ita ma tana wanki a bakin kogi. Ɗaya ya miƙa wa Abdulganiyyu abokin kamun kifinsa, da ya shigo gaisuwa. Ya haɗiye ɗaya da bisimilla, ya share baki.

Wallahi ran nan har hawaye na yi don takaici. Na ce Baba, wannan fa ba tsaraba ba ce, ɗaya ba za ta warkar da kowa ba. Ya ce tun da aka haife shi bai taɓa cin abu shi kaɗai idon mutane na kallonsa ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Na ce to mu koma a ƙaro. Ya ce shi ba maroƙi ba ne, an ba shi ya gode, da wane ido zai kalli yarinyar nan ya ce a sake? Malama Rahila da kanta ta aiko cewa ya zo, babu komai. Ya aika mata da busasshiyar tarwaɗa, shi kuwa ko ƙofa bai leƙa ba. Jiya na same shi tsundum cikin ruwa har ƙugu yana saran kacalla, wai yana buɗe wa kwale-kwale hanya. Na gaji, Yaya. Ni 'ya mace ce, maganata a kunnensa kukan sauro ce.

Ka lura ban faɗi inda ta huɗun ta tafi ba. Tana nan ya naɗe ta a leda, cikin aljihun rigarsa ta Juma'a. Ya ce taka ce. Wai kai ma ka yi fitsarin jini kana yaro lokacin da kake bin sa kamun kifi, ba a ba ka komai ba, abin yana ransa har yau. Ya ce in sa maka a cikin wasiƙar nan. Na ƙi.

In kana son rabonka, ka zo ka karɓa daga hannunsa kafin a fara dashe, don in ya shiga gonar shinkafa ba mai fito da shi. Ka karɓa ka yi godiya, sannan ka kama hannun nan ka kai shi gaban Malama Rahila, ya haɗiye nasa cif kana tsaye. Kai kaɗai ne ba ya iya ce wa a'a.

Inna na gaishe ka, Huseina na gaida Anti Zainaba, ka shafa min kan yara. Baba ma ya ce a gaishe ka, a kuma gaya maka lafiyarsa ƙalau.

Ƙanwarka,
Ma'u